Itatuwa sun dawo gonaki, amma amfaninsu hannun wa ya koma?

Tun daga 1975, kowace 3 ga watan Agusta hukumomin ƙasarmu kan fita dashen itace, mu kuma ƴan rediyo mu bi su da na'urar ɗaukar magana. In an gama jawabi sai a miƙo mana takarda: an dasa icce kaza, an farfaɗo da hekta kaza na fako. Mu karanta da Faransanci, mu maimaita da Hausa da Zabarmanci, sai kuma baɗi. Ni ba ni da ja da dashen icce. Abin da nake so mu tattauna a yau shi ne wani lissafin da ba mu saba jin an kawo ba, wato me daji da gulbi da tabki suke ba talaka a bana, me suke ba shi shekara 40 da suka wuce, kuma wane talakan ne yake samu. A ganina wannan lissafi ya fi na yawan itatuwa amfani, domin icce na iya ƙaruwa alhali wadda take cin moriyarsa jiya ta koma saye a kasuwa.

Maganar ba sabuwa ba ce a duniyar masana. A 2001 Majalisar Ɗinkin Duniya, zamanin Kofi Annan, ta ƙaddamar da wani babban bincike da ya haɗa masana fiye da 1,300 daga ƙasashe 95, aka fitar da sakamakonsa a 2005. Sun duba hidimomi 24 da muhalli ke yi wa ɗan adam, suka tarar 15 daga ciki suna lalacewa ko ana cin su fiye da kima. Hidimomin sun haɗa da abin da ake ɗiba da hannu, kamar itacen girki da kifi da ganyen miya, da abin da ba a gani sai ranar da aka rasa shi, kamar tare iska da riƙe ruwan sama cikin ƙasa, har da darajar da wuri ke da ita a zuciyar mutane. Babban abin da suka nuna shi ne, sau da yawa in an ƙara wata hidimar, wata ce ake ragewa. Wannan kuwa duk tsohuwar da ke ƙauyen Gazawa ko Kance ta san shi ba tare da an tara masana ba. Bambancin kawai, nata sanin ba a rubuce yake ba.

Mu fara da labarin da ya fitar da sunan Nijar a duniya, domin shi kansa hujja ne a kan amfanin waiwaye. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda iyayenmu ke kira El-Buhari, kowa ya ɗauka jihar Maraɗi ta zama hamada. A watan Mayun 1984 a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. A wannan lokacin ne wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, ma'aikacin mishan ta SIM, ya lura cewa ƴan tsirrai da manoma ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ce, toho ne na kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙasa. In an zaɓi ƴan rassa an gyara, an bar su, cikin ƴan shekaru sai su zama icce. Abin da muke kira sassabin zamani kenan. Da farko da hatsin taimako aka jawo mutane, kuma da taimakon ya ƙare da yawa suka sare abinsu. Amma waɗanda suka bari suka ga bambanci, maƙwabta suka kwaikwaya, abin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da furoje ya bi kowane ƙauye ba.

Kusan shekara 20 ana wannan aiki, rahotanni kuwa na ta cewa daji na ƙarewa. Sai bayan shekara ta 2000, da Chris Reij na ƙasar Holan da Gray Tappan na Amurka, tare da masananmu irin su Mahamane Larwanou, suka ɗauko tsofaffin hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 suka jera su da sababbi, sannan aka gane abin da ya faru. A Galma, cikin jihar Tawa, hoton 1975 da na 2003 kamar ba wuri ɗaya ba ne. Ƙiyasin da suka fitar shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan 500,000 a shekara. A gundumomin Mirya da Magarya da Matamai kaɗai an yi maganar hekta kusan miliyan 1, galibi gawo. Da wani bai ajiye hotunan 1975 ba, da wataƙila har yau ana gardama. Wannan ita ce fa'idar auna abu sau biyu a wuri ɗaya.

Kuma binciken ya nuna ba ruwan sama kaɗai ya dawo da itatuwan ba. Dokar gandun daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935, da tamu ta 1974, sun mai da icce kamar kayan gwamnati. Manomi na iya shan tara a kan gawon da ya tsiro cikin gonar ubansa, don haka dabarar talaka ita ce ya kashe shi tun yana ƙarami kafin ma'aikacin gandun daji ya gan shi. Da riƙon ya sassauta, aka yi dokar ƙasar karkara a 1993, da sabuwar dokar daji a 2004, har zuwa dokar 30 ga Yulin 2020 da ta tsara sassabin zamani, sai manomi ya fara kallon icce a matsayin nasa. A Damagaram ana ba da labarin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 19, cewa ya sa hukunci mai tsanani ga duk wanda ya sare gawo. Gawon dai shi ne, yana kaɗe ganye da damana ya bar hatsi ya sha rana, ya yi ganye da ƴaƴa da rani lokacin da bisashe ba su da abin ci. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne mai shi: jiya sarki, sannan gwamnati, yau mai gona.

To, a nan ne nake ganin mun tsaya da wuri. Mun ji miliyan 200 mun yi tafi, ba mu tambaya ba: waɗanne itatuwa ne suka dawo? Duk mai bin hanyar Maraɗi zuwa Tasawa ya san amsa. Sabara ce, da kalgo, da gawo, da aduwa, da magarya, wato masu jure sara da fari, masu toho daga kututture. Kowannensu da amfaninsa, ban raina ba. Sabara magani ce kuma itacen girki, kalgo na ba da igiya da abincin bisashe, da aduwa ake sassaƙa allon almajirai. Amma ku tambayi masassaƙi inda yake samo ƙiryar turmi yanzu, ko maƙeri inda yake samo gawayinta. Ku tambayi mai daddawa kalwar da take dafawa daga ina take zuwa. Ɗorawa, ɗinya, kanya, faru, taura, gwandar daji: a ƙauyuka da dama na jigawa yara sun san sunan, ba su san iccen ba. Waɗannan itatuwa ba su cika dawowa da sassabi ba, domin in kututturen ya mutu kuma babu uwar da za ta zubar da iri, babu abin da za a gyara. Ke nan inuwa ta dawo, itacen girki ya dawo, amma wani ɓangare na tukunyar miya da na sana'ar hannu bai dawo ba. Tauraron ɗan adam ba ya bambanta sabara da ɗinya. Kore kawai yake gani.

Makiyaya ma suna da nasu misalin. Akwai filayen kiwo da burtali da yawa a jihohin Maraɗi da Dosso waɗanda in ka hango su da damana sai ka ce Allah ya yi albarka, kore shar. Matso kusa ka ga garmani ne ya cinye wurin, ciyawar da shanu ba su damu da ita ba, ta kore waɗanda suke ci. A takarda filin nan yana nan a matsayin wurin kiwo, hektocinsa ba su ragu ba. A cikin tumbin saniya kuwa ya ragu ƙwarai. Haka kacala ta yi wa tabkuna da dama, ruwa na nan amma masunci da mai lambu sun rasa hanyar shiga.

Tambaya ta biyu ta fi nauyi, ita ce kuma dalilin wannan rubutu. A 1960 mu kimanin miliyan 3 ne a ƙasar nan. Ƙidayar 2012 ta ba da miliyan 17, jihar Maraɗi kaɗai miliyan 3.4, yanzu kuwa ƙasar ta haura miliyan 25. A kudancin Maraɗi da Damagaram saura ta ƙare, dajin da ke tsakanin gari da gari ya zama gona. Wancan dajin na kowa ne. Bazawara da ba ta da gona, da baƙon da ya sauka bara, da Bafillacen da ke wucewa, duk suna shiga su ɗebi itace, su yanki gamba ta zana, su tsinki yaɗiya da tafasa, babu mai tambayarsu. Iccen da ya dawo ta hanyar sassabin zamani kuwa cikin gonar wani ya dawo, kuma dalilin dawowarsa ma shi ne an tabbatar wa mai gonar cewa nasa ne. Ba laifi ba ne, haƙƙinsa ne, shi ya yi wahalar reno. Amma mu faɗi gaskiya: an tashi daga dajin kowa an koma iccen wani. Matar mai gona ta huta da tafiya mai nisa neman itace, wannan gaskiya ne kuma mata da yawa sun shaida. Wadda mijinta ba shi da gona fa, ko ya jinginar da ita a shekarar yunwa? Tun 2006 Marthe Diarra da Marie Monimart suka rubuta yadda mata a kudancin Maraɗi ke rasa gamanarsu saboda ƙarancin ƙasa. Macen da ta rasa gamana a zamanin da icce ya koma cikin gona ta yi rashi biyu, amma a lissafin yawan itatuwa ba za ka ga ko ɗaya ba.

A Mirya kuka dukiya ce, ana gadonta, ana sayen ganyenta tun yana bisa icce. Wannan ci gaba ne ga mai kuka. Ga wadda a da take aika ɗiyarta ta tsinko kyauta, sabon kashe kuɗi ne. Duka biyun gaskiya ne, kuma binciken kirki shi ne wanda zai rubuta duka biyun.

Haka abin yake tsakanin manomi da makiyayi. Dattawa sun san lokacin da manomi ke roƙon Bafillace ya sauka da shanunsa a gonarsa bayan girbi, har ya ba shi hatsi, domin shanu su ci kara su bar taki. A wancan lokacin kara ba kuɗi ba ne. Yau manomi na da nasa bisashen turke, yana kwashe kara da harawa ya ɗora bisa icce ko rufin ɗaki, abin da ya rage ya kai kasuwa da amalanke. Ƴaƴan gawo ma ana tsince su a zuba a buhu. Ciyawar daji kuwa ana tara ta da manjagara a yi lodi zuwa birni, har dokar kiwo ta 2010 ta sa mata ƙa'ida. Ƙasar ba ta daina ba da abincin dabba ba, hannun da ke karɓa ne ya sauya. Wanda ke ganin wannan maganar masana ce kawai, ya tuna Toda, cikin yankin Gidan Runji, inda a watan Oktoban 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, galibi mata da yara. Irin wannan wuta ba a dare ɗaya take kamawa ba. Shekaru ake yi mashaya na toshewa, burtali na ƙanƙancewa, babu mai rubutawa. Mutanen Ɗan Saga a gundumar Agye sun fahimci haka, shi ya sa da suka kafa kwamitin tsaron itatuwansu suka sa mata da Fulani makiyaya a ciki. Ƙauyuka nawa suka yi koyi da wannan ɓangaren na aikin Ɗan Saga, ba gyaran rassa kawai ba? Ga tambayar da ta dace da jawabin 3 ga Agusta.

A Gulbin Kaba, wajen Mayahi, akwai wani darasin. Goruba na ba da abu biyu: kaba, wato ganyen ƙaramar goruba da mata ke saƙa tabarma da faifai da igiya, da kuma ƴaƴa da gungume in ta girma. Matsalar ita ce in ana yankan kaba ba hutu, tsiron ba zai taɓa miƙewa ya zama icce ba. Sai ka tarar da tsofaffin gorubai tsaye, da kaba birjik a ƙasa, amma babu matasa a tsakani. Wanda ya zo ya auna kuɗin tabarma a shekara guda zai ce kwarin na cikin albarka. Wanda ya dawo bayan shekara 20 shi ne zai ga tsofaffin sun faɗi babu magada. Kuma ba za ka ce wa mai saƙa ta daina ba, da kuɗin tabarmar take sayen tiyar hatsi.

Shi kansa Gulbin Maraɗi, in mutum ya bi tarihinsa, ya ga yadda amfanin wuri ɗaya ke sauya kama. Lokacin da Katsinawa suka baro Katsina bayan jihadi suka kafu a Maraɗi a farkon ƙarni na 19, kurmin da ke cikin kwarin garkuwa ne, doki ba ya ratsa shi da sauƙi. A 1945 ruwan gulbin ya ci tsohon gari, aka hau tudu. Bayan haka fadamar ta zama rumbun gari: ruwa ya malala da damana, ya janye ya bar laka, a shuka dawa da taba da kayan lambu ba tare da taki ba. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Jibiya a jihar Katsina, a kan wannan kogi tun kafin ya shigo Nijar, kuma a 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka haɗa su, har da wannan. Manoman rani na Jibiya sun samu, ƴan uwanmu ne, ba mu yi musu hassada ba. Amma a wannan gefen malalar ta sauya, noman lambu ya koma dogaro da rijiya da injin ban ruwa, kamar yadda ake gani a Jiratawa. Zogale da tumatir na fita, kuɗi na shiga. Sai dai abin da gulbi ke yi kyauta a da, yanzu sai mai kuɗin inji da man fetur. Tabkin Madarunfa kuma, ban da kifin da masunta ke kamawa da yashin da ke cike shi sannu a hankali, akwai kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi, waɗanda suka sa Nijar ta gabatar da wurin ga hukumar UNESCO a 2006. Da wane ma'auni za a auna abin da mai ziyara ke samu a can? Ba da jika ba dai. Amma rashin farashi bai sa ya zama ba amfani ba.

Wani abin mamaki ya fito daga yankin Yamai, wanda ke nuna hatsarin yanke hukunci da ka. Kowa zai ce in an sare daji rijiyoyi za su ƙafe. Masu binciken ruwa, cikinsu har da Bafaranshe Guillaume Favreau, da suka bi ma'aunin rijiyoyin gabashin Yamai daga 1963 zuwa 2007, sun tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita 4, duk da ƙarancin ruwan sama na waɗannan shekaru. Dalili shi ne, da aka share daji aka yi gonaki, ƙasa ta daina shan ruwa a inda ya sauka, sai ya gangara ya taru a tabkuna, daga can ya nutse. Masu rijiya da masu lambu sun ci riba. Amma wannan gangarowar ruwan ita ce ke haƙa kwazazzabai, take kwasar yashi zuwa kogin Kwara, take ƙara ƙarfin jan ruwan da ke isa Yamai da damana. A watan Satumban 2020 kogin ya kai kusan mita 7 a Yamai, ya fasa shinge ya shiga unguwanni. A 2024 ambaliya ta kashe mutane kusan 400 a faɗin ƙasa, ta shafi wajen miliyan 1.5, Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, a Damagaram kuma tsohon masallacin Birni ya rushe. Ruwan sama mai yawa aka yi, ba shakka. Amma ƙasar da ya sauka a kai ba irin ta 1960 ba ce, kuma da ba a riƙa auna waɗancan rijiyoyi shekara da shekaru ba, da babu wanda zai iya haɗa wannan da wancan.

Raƙuman dawa na Kure ma haka. A 1996 saura 49 suka rage, aka kare su har suka haura 600, a 2018 aka kwashi wasu zuwa gandun Gadabeji a yankin Dakwaro. Matasan Kure sun ci abinci da rakiyar baƙi masu zuwa kallo, har ranar 9 ga Agustan 2020 da ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a wurin, baƙi suka ɗauke ƙafa. Raƙuman na nan, suna cin waken manoma kamar yadda suka saba. Amfanin ya tafi, ɓarnar ta zauna.

Na san abin da wasu za su ce, domin duk lokacin da muka kawo irin wannan batu a rediyo akwai mai bugo waya ya ce bincike ba ya cika ciki, ƙasa na fama da matsalar tsaro da tsadar hatsi. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ban yarda da shi ba. A yunwar 2005 abin da ya riƙe gidaje da yawa shi ne anza da jiga da tafasa, da itacen da aka sara a gona aka sayar aka sayi hatsi. Hukumar da ba ta san ko anzar nan tana nan ko ta ƙare ba, ba ta san ƙarfin talakanta na jure shekara mai wuya ba. Sannan tun 2007 ake maganar babbar ganuwar itatuwa ta Afirka, ga kuma masu zuwa da maganar biyan kuɗi saboda iskar da itatuwa ke shanyewa. Duk wanda ya zo da irin wannan ciniki da nasa ma'aunin yake zuwa, kuma abin da ya dame shi kawai yake aunawa. In ba mu da namu littafin da ya ce wannan fili mata 200 ke tsinkar ganye a cikinsa, garke kaza ke ratsa shi, za a kewaye shi da waya a ce an farfaɗo da shi, mu kuma mu karanta a labarai.

Abin takaicin shi ne ba daga sifili za mu fara ba. Jihar Maraɗi na cikin wuraren da aka fi bincika a duk Sahel. Claude Raynaut da abokan aikinsa sun yi shekaru a ƙauyuka irin su Sumarana da Sharken Hausa tun shekarun 1970, suka auna gonaki, suka rubuta abin da gida ke samu. Anne Luxereau da Bernard Roussel sun fitar da littafi a 1997 kan sauyin tsirrai da zaman jama'a a ƙasar Hausa ta Nijar. Farfesa Yamba Boubacar na jami'ar Yamai ya bi sauyin yankin daga 1960 zuwa 2000. Ga cibiyar AGRHYMET a Yamai tun 1974, ga INRAN, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa. Ma'aunin farko yana nan a ajiye. Abin da ya rage shi ne a koma waɗannan ƙauyuka da waɗancan tambayoyi, a sake komawa bayan shekara 5, a sake komawa. Matsalarmu ita ce tsarin furoje: shekara 3 ko 4, a yi binciken farawa, a yi na rufewa, mota ta tafi, na gaba ya zo ya zaɓi wasu ƙauyuka da wasu tambayoyi. Ɗalibai kuma kowace shekara suna rubuta kundin kammala karatu a kan sassabin zamani, da Faransanci, a ajiye a kabad, manomin da ya ba su amsa bai taɓa jin abin da aka samu ba. Tunda a 2025 an ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ai sai a fara da mayar wa mutane sakamakon da harshen da suka ba da amsa.

Ba kuma sai da manyan na'urori ba. Kowace ƙaramar hukuma na iya zaɓen ƙauyuka 3 ko 4, ta ajiye littafi guda a ofishin magajin gari ko wurin kwamitin kula da filaye. A rubuta gaba nawa guga ke yi kafin ya taɓa ruwa a watan Afrilu. A rubuta farashin damin itace da na kara da buhun ƴaƴan gawo, da tsawon lokacin da mace ke ɗauka neman itace, a raba ta gidan mai gona da ta gidan da ba gona. A rubuta ganyayen miyar da ake tsinka da waɗanda sai an saya, da itatuwan da suka rage ɗaya ko biyu a ƙasar garin, da ranar da aka saki gonaki da adadin garken da suka sauka. Malamin lakwal da ɗalibansa na iya yin rabin wannan aiki cikin mako guda. Sharaɗin kawai shi ne kada a sauya tambayoyin in an sauya magajin gari, kuma kada a yi tambayar a fadar maigari kaɗai inda maza masu gona ne ke amsawa. A je bakin rijiya, a je ruga.

Mu ma ƴan rediyo da namu kason. Akwai gidajen rediyon karkara a gundumomi da dama, kowanne da na'urar ɗaukar murya, kuma yau wayar hannu ma ta isa. Abin da hoton jirgin sama na 1975 ba zai faɗa ba, wato wa ke da izinin hawa wace kuka, da wane wata ake kama kifi a wane tabki, da ganyen da aka ci a El-Buhari, yana cikin kan mutanen da suka rayu a lokacin. Wanda yake da shekara 20 a farin 1973 yau ya haura 70. Bayan girbi, in an saki gonaki mutane sun samu sukuni, kowane gidan rediyo na iya zama da tsofaffi 10, mata 5 maza 5, har da makiyaya, a ɗauki muryarsu da sunan garinsu da ranar da aka yi hirar, a ajiye kwafi ɗaya a gidan rediyon, ɗaya a kai jami'ar da ta fi kusa.